Daga Weji Zuwa Jakar Iska

Wata Asabar ce na raka ɗan ƙanena kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, zai sayi fitilar gaba ta motarsa. Shi yana can yana ciniki, ni kuwa na samu benci a inuwa na zauna. Ina zaunen nan idona ya faɗa kan wani guntun katako da aka tokare ƙofar shago da shi. Ya yi baƙi ƙirin da dauɗar baƙin mai, gefe guda an sassaƙe shi a karkace, ɗaya gefen kuma da ɗan mariƙi wanda hannuwa suka goge har yana sheƙi. Na kira yaron shagon na tambaye shi ko ya san mene ne wannan. Ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Baba, ai katako ne. Nan muka tarar da shi."

Weji ne. Har gobe akan gan shi jefi-jefi wajen masu manyan motoci, amma yaran yanzu da yawa ba su san shi ba, ballantana su san an yi zamanin da rayukan mutum talatin ko arba'in kan rataya a kan wannan guntun itace da zafin naman yaron da ke riƙe da shi.

Kawuna direban babbar mota ne, irin mai bodin katakon nan da ake rubuta wa karin magana a goshi, kuma a bayanta na fara sanin hanya tun ina ɗan firamare. Buhunan hatsi a ƙasa, mutane a sama: mata da goyo, 'yan kasuwa da ƙunshin kayansu, wani ma da akuyarsa. Warin man gas da ƙura da ƙamshin goro duk a haɗe. Idan aka doshi hawa sai injin ya soma gurnani, kawu ya sauko da giya, mota ta dinga rarrafe. Nan take hira takan tsaya cak. Kafin nan yaron mota ya riga ya diro, yana bin tayar baya da sassarfa, weji a hannu. Da zarar injin ya gaza, mota ta nuna alamar komawa da baya, sai ka ji kawu ya daka tsawa: "Weji! Sa weji!" Yaro ya cusa shi ƙarƙashin taya, katako ya yi ƙara, mota ta girgiza ta tsaya. Sai salati ya koma hamdala. Mu hawanmu ƙanana ne. Idan kawu na ba da labarin Hawan Kibo, can kan hanyar Jos zuwa Akwanga, muryarsa ma sauyawa take yi.

A wancan lokaci tsaron mota a jikin mutane yake. Tun da asuba, bayan an idar da salla, kawu zai zagaye motarsa da guntun ƙarfe yana buga kowace taya yana sauraron amonta. Zai duba ruwan lagireto, ya zaro ma'aunin baƙin mai ya shafa a yatsa ya shinshina, ya shiga ya taka burki sau uku ko huɗu har sai ya ji ya kama. Yakan ce mota tana magana, sai dai ba kowa ke da kunnen jinta ba. Shi kansa ya yi shekaru yana wanke mota da ɗaukar weji da kwana ƙarƙashinta kafin ubangidansa ya bar shi ya taɓa sitiyari. Fasinjoji ma suna da nasu aikin. Idan direba ya fara take totur, sai ka ji wani dattijo daga baya ya ce, "Direba, sannu-sannu, mun baro iyali a gida." Kuma a saurare shi, don kowa ya yarda cewa hanyar lafiya a bi ta da shekara. Masu rakiya kuwa ba sa barin tasha sai sun ce Allah ya kiyaye hanya, kuma da gaske suke faɗa, domin sun san abin da hanya ke ci.

Sun sani, ni ma na sani. Idan na tuna daɗin wancan zamani, dole in tuna da wannan ma. Mutanen da ke zaune kan buhu ba abin da ke riƙe da su sai igiyar lodi. Idan mota ta kife, watsar da su take yi kamar an sheƙe hatsi, buhunan kuma su biyo su. Ƙananan motoci ma ba su tsira ba. Wani maƙwabcinmu, magidanci mai 'ya'ya biyar, ya yi karo da bishiya a wata tsohuwar mota mai kaurin jiki, irin wadda ake bugawa da tafin hannu a ce wannan ita ce ƙarfe. Da aka jawo ta unguwa muka je kallo. Bamba ta lotse, fitila ɗaya ta fashe, gilashin gaba ya tsage, shi ke nan. Ba a yi wata biyu ba ta koma kan hanya. Shi kuwa sitiyari ne ya doke shi a ƙirji, bai kai asibiti ba. Mun daɗe muna mamakin yadda mota za ta fita da ɗan rauni mai ita ya mutu. Sai da na girma na gane cewa ƙarfin da muke yabo shi ne ya kashe shi.

Yau idan ka zauna a majalisa za ka ji ana cewa motocin yanzu gwangwani ne, ɗan taɓawa kaɗan sun murƙushe. Gaskiya ne suna murƙushewa, amma da gangan aka yi su haka. Duk wanda ya taɓa kallon leburori suna jefa wa juna bulo ya ga hikimar. Mai cafewa ba ya sandarar da hannu, yana bin bulon da hannunsa baya kaɗan, don ƙarfin jifar ya mutu a hankali. Da zai ƙame, da ya ji a ƙashinsa. Wani injiniya mai suna Béla Barényi, da ke aiki a kamfanin Mercedes a Jamus, shi ya kawo wannan tunani cikin ƙirar mota: a bar gaba da baya su nannaɗe su shanye dukan, a ƙarfafa tsakiya inda mutane ke zaune. A 1959 aka fara sayar da mota mai irin wannan jiki. Motar maƙwabcinmu ta ƙi lanƙwasa, sai dukan ya zarce gaba ɗaya zuwa jikinsa. Ta yanzu takan ba da kanta fansa, mai ita ya buɗe ƙofa ya fito yana salati.

A wannan shekarar dai ta 1959, wani injiniyan Volvo a Suwidin, Nils Bohlin, ya fito da bel ɗin da muka sani yanzu, wanda ke ratsa ƙirji ya kuma kama ƙugu. Kamfanin ya bar ƙirar ga kowane maƙerin mota ya yi amfani da ita. Dalilin bel a fili yake. Idan mota na tafiya da kai sannan ta tsaya farat ɗaya, ita ce ta tsaya, jikinka bai tsaya ba. Zai ci gaba da gudun da ake yi har sai ya samu abin da zai tare shi, ko sitiyari, ko gilashi, ko kwalta. Karo a gudun kilomita 50 cikin awa, wato gudun cikin gari, daidai yake da faɗowa daga tsayin mita goma. A gudun kilomita 100 kuwa ninki huɗu ne, kusan mita arba'in. Babu ƙarfin damtsen da zai tokare wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bel kan rage haɗarin mutuwa da kusan rabi. Kuma maganar ba ta tsaya kan na gaba kaɗai ba. Na baya da bai ɗaura ba, idan aka yi karo, shi ne zai zama dutsen da zai faɗo kan na gaba.

Mu kam mun daɗe da bel a motocinmu kafin mu san amfaninsa. Lokacin da Fijo ta Kaduna ta cika hanyoyin Arewa, bayan an fara harhaɗa ta a 1975, bel abin cusawa ƙarƙashin kujera ne, wani ma ya yanke shi ya ɗaure but. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko, amma sai a farkon 2003 aka fara tilasta ɗaura bel da gaske. Ina tuna gunagunin da aka yi. Wasu suka ce yana yamutsa babbar riga. Wasu suka ce idan mota ta kama da wuta ko ta faɗa ruwa shi zai hana mutum fita, alhali wanda kansa ya bugi gilashi ya suma ba ya fita ko ƙofa a buɗe take.

Bayan bel sai jakar iska, wadda ke naɗe cikin sitiyari da gaban fasinja, a wasu motocin har da gefen kujeru da saman taga. Akwai 'yan na'urori da ke jin ƙarfin karo. Idan ya kai wani mizani sai jakar ta cika ta fito kafin ƙiftawar ido, ta tari kai da ƙirji, sannan ta sace. Da ƙarfin gaske take fitowa, shi ya sa aka yi ta don mutumin da bel ke riƙe da shi a mazauninsa. Wanda bai ɗaura ba zai tarye ta tun tana cikin fashewa, ta yi masa illa. Yaron da aka ɗora a cinya a kujerar gaba kuwa yana tsakanin jakar da nauyin wanda ya ɗauke shi. Uwa na ganin hannunta ne mafi amincin wuri a duniya, kuma a ko'ina haka ne, ban da cikin mota mai gudu. Wurin yaro baya ne, a ɗaure, cikin kujerar da ta dace da girmansa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda na ga hikimar kawu ta shiga cikin ƙarfe. Idan ruwan sama ya jiƙa kwalta, kawu ba ya danne burki gaba ɗaya. Takawa yake yana saki, yana takawa yana saki, don ya san tayar da ta daina juyawa ba ta bin umarnin sitiyari, sulɓewa kawai take yi. Shekaru ya yi kafin ƙafarsa ta iya wannan. A 1978 kamfanonin Bosch da Mercedes suka fito da burkin da ake kira ABS, wanda ke yin wannan aiki da kansa, sau da yawa cikin daƙiƙa guda, yana lura da juyin kowace taya. A 1995 aka ƙara da wata na'urar da ke gane cewa mota ta fara sulɓewa a kwana, ta kama taya ɗaya ta dawo da ita kan hanya tun direba bai ankara ba. Yaron motar da ke tsayawa a baya yana cewa "Taho, taho, ya isa!" yana dukan bodi, yau kyamara ce da ƙararrawa. Wejin kansa ya koma na'urar da ke riƙe mota a kan hawa har direba ya ɗauke ƙafa daga burki ya kai totur. A ƙasashen Tarayyar Turai, tun daga Yulin 2024, ba a sayar da sabuwar ƙaramar mota sai tana da burkin da ke kama kansa idan ta hango karo. Wanda ya ce wannan ba ci gaba ba ne bai taɓa zuwa ɗauko gawa a bakin hanya ba.

To amma nawa ne daga cikin wannan alheri ke isowa gare mu lafiya? Mafi yawan motocinmu na hannu ne. Wani rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin 100 nasu kuma Afirka aka kawo su. A ciki akwai masu lafiya, akwai kuma waɗanda suka yi haɗari a can aka sayar da su da araha. A nan sai mai gyaran bodi ya miƙe ƙarfe, a shafe da fenti, a rufe sitiyari da sabon marfi, jakar iska kuwa babu ita a ciki. Ƙarfen da ya taɓa nannaɗewa aka miƙe shi da wuta ba zai sake shanye duka kamar farko ba. Ga abin da kowane mai saye zai iya yi da idonsa. Idan ka murɗa makulli, kafin injin ya tashi, fitilar jakar iska da ta ABS za su kama a gabanka na 'yan daƙiƙu sannan su mutu. Idan sun ƙi mutuwa akwai matsala. Idan ba su kama ba sam, to wataƙila an cire ƙwansu ne don kada su tona asiri. Haka taya. A gefenta akwai lamba huɗu a jere: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2315, an yi ta a mako na 23 na 2015, kuma komai kyawun zanenta robar ta tsufa, zafin kwaltarmu na watan Afrilu ba zai raga mata ba.

Wata ɓarnar kuma da hannunmu muke yi. Na ga mutumin da ya ji burkinsa na kakkarwa ƙarƙashin ƙafa, wanda alama ce ABS na aikinsa, ya kai wa bakanike ya ce a cire. Na ga ana soke bel ta bayan kujera don mota ta daina kuka. Na ga direban haya na yafa shi a kafaɗa idan ya hango jami'ai, ya yar da shi da zarar sun wuce. A tasha kuma har yanzu ana cewa gaba mutum biyu, baya huɗu, a motar da aka yi wa bel biyar har da na direba. Kyamarar da ke bin layin titi ba ta da abin gani a hanyar da ba a shata mata layi ba. Sannan akwai ɗimbin jama'ar da ke wajen motar: mai tafiya a ƙasa, ɗan makaranta mai tsallaka titi, ɗan acaɓa, fasinjan A Daidaita Sahu da ba shi da ko ƙofa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce haɗarin hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Yankin Afirka na da kimanin kashi 3 cikin 100 na motocin duniya, amma kusan ɗaya cikin kowane mutum biyar da hanya ke ci namu ne.

Akwai kuma asarar da ba a gani da ido. Tsohuwar mota ba ta ɓoye gudu. Idan ta kai kilomita tamanin komai na cikinta rawa yake yi, iska na dukan fuska, tsoro kansa ya isa ya sa a sassauta. Ta yanzu gilashi a rufe, sanyi na busawa, karatu ko waƙa na tashi a hankali, allura ta wuce ɗari da arba'in ba wanda ya ji a jikinsa. Tuƙin da ake shekaru ana koyo ya koma na mako biyu a filin ƙwallo. Hannun da ke shinshinar baƙin mai yau waya ce a cikinsa, alhali mota mai gudun kilomita 100 tana cinye kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, kallon saƙo ɗaya ya isa a wuce tsawon filin ƙwallo ido a rufe. Dattijon nan mai cewa sannu-sannu ya yi shiru, domin idan ya yi magana sauran fasinjoji ne za su fara ce masa suna sauri. Da aka fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu a 2017, abin da aka yi ke nan: aka nemi ƙarfe ya faɗi abin da baki ya daina faɗa. Kowace na'ura kuwa tana da iyakarta. Akwai gudun da idan aka yi karo a kansa, ba bel ba jakar iska, sai dai wani ikon Allah.

Nan ne wasu ke cewa ai komai ƙaddara ce, in kwana ya ƙare ko da bel sai an tafi. Babu musulmin da ke musun ajali. Amma tun muna makarantar allo aka ba mu labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya ɗaure ta sannan ya dogara. Kawu bai taɓa tayar da mota ba tare da addu'a ba, kuma bai taɓa barin tasha ba tare da weji ba. A wurinsa biyun ba su taɓa yin karo da juna ba. Da an ba shi burkin da ba ya sulɓewa da bel ɗin da zai riƙe fasinjansa, da hannu biyu zai karɓa, kuma ba zai fasa zagaye motarsa da asuba ba.

Da muka gama da Ƙofar Ruwa muka shiga mota, muna fara tafiya sai ta soma 'yar ƙararta. Ɗan ƙanena ya rage gudu ya ce, "Baba, a taimaka a ɗaura bel, ba za ta yi shiru ba sai an ɗaura." Na jawo shi na gyara rigata na soke, ya yi ƙas. A raina na ce ga muryar dattijon bayan mota ta dawo, ga kuma tsawar kawu. Zamani riga ne, kowa da irin tasa, amma rai ɗaya ne jiya da yau.

Saboda haka ina roƙon mai karatu, ko direba ne ko fasinja. Ka ɗaura bel, gaba kake ko baya, ko da nan da bakin kasuwa ne. Ka mayar da yaro kujerar baya. Kafin ka biya kuɗin mota ka dubi fitilun nan biyu, ka karanta shekarun taya. Kada ka bari a cire maka abin da aka sa don ya cece ka. Idan direba ya wuce gona da iri ka buɗe baki ka yi magana, ko da kai kaɗai ne, domin kai ma ka baro iyali a gida. Allah ya kiyaye hanya.